Wayar da Na Haɗa wa Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin firamare ne a Muchalla har ya yi ritaya. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gani a hankali, na hagu tukuna, sannan na dama. Lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Yelwa, ina koyon haɗa manhajar waya, sai na ɗauka wannan matsala ce da zan iya magancewa.

Na fara kunna masa muryar nan ta cikin waya mai karanta rubutu. Turanci kawai take ji. Da ta karanta saƙon da 'yarsa ta turo da Hausa daga Yola, tauna kalmomin ta yi, ba mu gane ko ɗaya ba. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko 'yar tasa lafiya take.

Wata huɗu na yi ina haɗa masa tawa manhajar. Na raba fuskar wayar gida huɗu manya: kira, saƙo, rediyo, agogo. Na naɗi muryata da Kamwe, harshenmu na gida, ina faɗin sunan kowane gida in an taɓa shi. A shago na rufe ido na gwada, komai ya tafi daidai.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne hannun Kawu. Bai taɓa barin noma ba, yatsunsa sun yi kanta, gilashin ba ya jin taɓinsa sai ya danna da ƙarfi. In ya danna kuma hannun ya yi rawa. Yana neman 'yarsa, rediyo ya kama. Muryata ta yi ta maimaita "agogo, agogo" a tsakar gida.

Na gyara, na koma, na sake gyarawa, har damina ta wuce. Wata Asabar ya miƙo mini wayar a nannaɗe cikin hankici.

"Ki bari haka, 'yata," in ji shi. "Duk ranar da kika zo, ji nake kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa."

Na ce laifina ne, ba nasa ba. Ya ce ya sani, amma shi ne mai jin kunyar.

Daga nan bai ƙara kiran kowa ba, sai dai a kira matarsa ta kara masa a kunne. Ni ma zuwana ya ragu. Na saba zuwa da gyara a hannu, ban san yadda zan je haka kawai in zauna ba. Ya rasu gab da Kirsimeti, ina shago. Sati bakwai rabona da shi.