Ranar da Kawu Shahhat Ya Yi wa Gona Wankan Asibiti

Duk mai shan shayi da Kawu Shahhat a bakin gada ya karanta masa wannan, tunda shi iliminsa na waya bai wuce "alo, wa ke magana" ba. Ni ce Ihsan, 'yar ƙanwarsa Nabawiyya, kuma wallahi ba zan goge ba.

An haife shi bayan an datse kogi, lokacin da ambaliya ta daina kawo wa gonakinmu baƙar laka. Bai yi nisa a makaranta ba, sai gona. Yana saurayi aka fara cika ƙauyenmu da farin taki, yuriya, ya watsa ya ga alkama ta yi kore shar, shi ke nan ya samu addini na biyu. Ganye ya yi rawaya, yuriya. Tsutsa ta ci masara, yuriya. Da ɓaunarsa za ta yarda, da ita ma ya ba ta.

Da kakanmu ya rasu, Umma ta gaji wani siririn yanki a bakin magudana, inda ruwa ke fara shiga kafin ya wuce nasa. Amma shi ke nome duka, ya aiko mata da abin da ya ga dama. Kowace shekara buhunan taki suna ƙaruwa, na alkama suna raguwa. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Ka yi haƙa har ka gaji, ba za ka ga tana ko ɗaya ba.

Ni ban je jami'a ba, a waya na koya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Cikin ƙasa akwai halittu da ido ba ya gani, iri-iri, su ke ruɓar da kara su ciyar da saiwa. Wasu daga cikinsu aikinsu juya yuriya zuwa wani abu da ruwa ke wankewa da sauri. In ka yi ta danƙara taki, waɗannan su yi ta yawa, sauran su ja baya, takin kuma ya bi ruwa ya tafi lambatu. Akwai wani taki mai launin shuɗi da aka haɗa da maganin da ke sa masu juyawar nan gyangyaɗi na ɗan lokaci, shuka ta samu ta ci abinta a hankali. Ba ya kashe sauran halittun.

Na same shi a gona na ce ina son yankin Umma.

"Likitar waya!" ya ce. "Ke da ba ki san gaban fartanya da bayanta ba?"

"Kawu, kai da ka sani ina tanar gonar ta tafi?"

"Ta je ganin likita. Kauce min, kina tare min iska."

Umma ce ta raba mu. Ta ce, "Yaya, ka bar mata alkamar bana. In nata ya fi, ta ci gaba. In naka ya fi, ta rufe mana baki." Ya yarda, don ya tabbata zan sha kunya.

Ranar da na buɗe buhun shuɗin takin ya zo ya tsaya a kaina, ya kama gefen jallabiya.

"Wannan kuma bula ce ta wanki?"

Na yi masa bayani, kuma a nan aka samu matsala. Mu duk abin da ido ba ya gani suna ɗaya muke ce masa, ƙwayoyin cuta. Da wanda ke sa zawo da wanda ke ciyar da alkama, duk sunan ke nan. Na ce masa takin yana rage wa ƙwayoyin cutar ƙasa gudu.

Ya zaro ido. "Tsaya. Cuta ce a gonata?"

"Ba irin waccan ba, Kawu. Masu amfani ne."

"Cuta mai amfani! Ku zo ku ji. To in masu amfani ne, me ya sa kika sayo musu magani?"

"Wasu kaɗai ake so su sassauta."

"Wato naki maganin rago ne, lallashi yake yi."

Ya tafi yana gyaɗa kai. Na ɗauka ya ƙi fahimta ne kamar kullum. Ashe ya fahimci rabi, kuma rabin ya ishe shi.

Alkamata ta fito da kyau, masu wucewa suna tsayawa kallo. Sai layin ban ruwanmu ya zo. Na iso da hantsi, tun daga kan hanya na ji wari kamar na banɗakin asibiti. Ga Kawu a tsugune a bakin magudana da jarkar fenik, wannan baƙin ruwan da ake wanke masai da shi, yana tuttulawa. Ruwan ya koma fari kamar madara, yana malala cikin alkamata.

"Kawu! Me kake yi?"

"Abin da naki ya kasa. Yau ko jikokinsu ba za su kwana ba."

"A yankina?"

"Ruwan nawa ne, hanya kawai ya biyo. Ki gode wa Allah, kyauta kika samu."

Na fizge jarkar, ya ɗaga min fartanya. Maƙwabcinmu Abdul'ati ya tsallako ya riƙe shi yana cewa, "Haba Shahhat, gona ce ko ɗakin haihuwa?"

Kafin ruwan ya kai nasa ya riga ya salance. Nawa ne ya sha mai kaurin. Layukan bakin magudana suka yi rawaya, suka kwanta, saiwar ta yi baƙi. Da girbi ya zo, nasa ya fi nawa, ba gardama. Ya shigo gidanmu da sabon rawani, ya zauna, Umma ta kawo masa shayi.

"To Nabawiyya, kin ga buhuna. A gaya wa likita ta koma wayarta."

Na ce, "Faɗa mata abin da ka zuba."

Na zaci zai musa. Ina! Ƙirji ya buga. "Fenik na zuba, mai kyau ma, ba jabu ba. Ita ta ce akwai cuta. Ni na yi maganinta, ita ta zo da tsiyarta."

Umma ba mai magana ba ce. Tun tashina ban taɓa jin ta ce wa yayanta a'a ba. Ta dube shi ta ce, "Yaya, ƙasar Baba ka zuba wa ruwan masai?"

"Ke ma kin koma makarantar wayar?"

Ta miƙe tsaye. Ta yafa mayafi, ta ɗauki fartanya, ta nufi gona, muka bi ta. Da hannunta ta ja kunya tsakanin nata da nasa, daga magudana har bakin hanya, shi yana tsaye yana kiran sunan kakanninmu ɗaya bayan ɗaya su zo su ga butulci. Da ta gama ta miƙa min fartanyar.

Tun ranar bai sake taka gidanmu ba, ko da Sallah. In mun haɗu a hanya sai ya tofar da yawu gefe. Har yau yana gaya wa mutane shi ya warkar min da gona, ni kuma na saka masa da ƙwace.

Yankin yana hannuna. Na shuka barsim, ciyawar dabbobi, don ƙasar ta huta ta farfaɗo. Can ciki ya fito, bakin magudana kuwa har yanzu tsilli-tsilli. Duk ranar ban ruwa ni ke fara isa, in tsuguna in shinshina ruwan kafin in buɗe masa hanya.