Haladu Mai Awo da Man Giyar A-kori-kura

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Funtua ya san Haladu mai awo. Tun yana saurayi yake riƙe da tiya, kuma bai taɓa miƙa ta a shafe ba. Sai ya cika ta ta yi tozo, sannan ya ɗebi ƙari da tafin hannu ya watsa wa mai saye a buhu. A wurinsa, tsayawa daidai bakin awo rowa ce, kuma ya tsani a kira shi marowaci.

Da bayansa ya fara ciwo, sai ya bar awo ya sayi tsohuwar a-kori-kura, irin mai canja giya da kanta, ya koma ɗaukar kayan manoma. Yana son motar nan kamar me. Kullum a wanke take, ko kaza ba ta isa ta hau bayanta ba.

Ranar da abin ya faru, tumatirin Gwaggo Hajo zai kai Danja daga fadamar Maska. Ƙanwar mahaifinsa ce, mijinta ya rasu, kuma da wannan noman rani take ciyar da jikokinta marayu. Dole kayan su isa kafin manyan motocin kudu su gama lodi, in ba haka ba rana ta dafa su a kwando. Saboda girman aikin, Haladu ya ce bari ya kyautata wa mota. Ya zare ƙarfen da ake duba man giya da shi, ya ga jan man yana daidai kan layi.

"Daidai layi? Ai wannan ƙoro ne," in ji shi. Ya juye mata galan guda, zuciyarsa fari tas.

Sun wuce Funtua kaɗan mota ta fara gurnani. Ya taka totur, injin na ihu, tayoyi na jan ƙafa. Can sai ƙauri, sai ga mai yana tsiyaya a ƙasa da kumfa. Gwaggo tana gaban mota da carbinta, sai ta waiwaya ta kalli kwandunan. Wannan waiwayen ya fi zagi ciwo a wurin Haladu.

Ya kira Mudi, bakaniken da ke duba masa motar. Mudi ya iso a kan babur, ya zare ƙarfen, ya ga mai ya haura layi nesa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Haladu, giya ba buhun masara ba ce. In mai ya yi yawa kaɗa shi take yi ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta jan mota."

Bai tsaya dogon surutu ba. Ya kwanta a ƙasa mai zafi, ya kwance notin giya, ya rage man a tsohuwar roba, ya sa aka tayar da injin ya yi ɗumi, ya sake aunawa har ya zauna kan layi. Wasu masu yankan rake a gefen hanya kuma, ba wanda ya roƙe su, suka kwaso ganye suka lulluɓe kwandunan. Har yau in Haladu ya tuna mutanen nan sai ya sa musu albarka, ko sunansu bai sani ba.

Mota ɗaya ta rage a Danja da suka isa, ana shirin ɗaure mata tamfol. Gwaggo ta sauko a hankali, ta yaye ganyen, ta zura hannu can ƙasan kwando ta ciro tumatiri ɗaya ta latsa da yatsa. Da ƙarfinsa. Dillali ya ɗaga wa masu lodi hannu su dakata a loda kwandunanta.

Haladu ya tsuguna gabanta, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Saura kaɗan in jawo miki asarar shekara."

"Tashi, Haladu, kana tara mana mutane," in ji ta. "Jibi akwai wata tsinkar. Ka zo da wuri."