Kwalabe Masu Shuɗin Murfi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Yakasai, mu uku da direba. Ni duba-gari ne. Sabuwar gwamnatin farar hula ce ta tura mu duba wani ɗakin bincike can gaba da Zariya, inda ake kiwon ƙwayoyin cututtuka masu kisa irin su sanƙarau, wai don a gano maganinsu. Zamanin soja ko bakin ƙofar ba mu isa mu tsaya ba. "Umarni daga sama," shi ke nan an rufe maka baki.

Ta Ƙofar Nassarawa muka fita. Layin mai yana nan yadda soja suka bar shi. A Kwanar Dangora muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai tuyar ta ce ai shi ma dimokuraɗiyya ya shiga, kowa ya samu kaɗan.

Da muka isa, shugaban ɗakin binciken ya tarbe mu da lemo da soyayyar kaza, ya jibge mana takardu. Ƙa'ida ita ce duk kwalbar da ta taɓa ƙwayar cuta sai an dafa ta a wata tukunyar ƙarfe mai tururi kafin ta fita daga ginin. Na ce a nuna min tukunyar. Wai mai makullin ya tafi ta'aziyya. Abokan tafiyata kuwa har sun sa hannu, da maiƙon kaza a yatsunsu.

Na zagaya baya zan yi alwalar azahar. Sai ga wani dattijo mai shara a bakin famfo, hannu tsirara, yana ɗauraye ƙananan kwalabe masu shuɗin murfi.

"Baba, an dafa waɗannan?"

"Ranka ya daɗe, tukunyar ai ta mutu tun bara waccan. Da sabulu muke wankewa. 'Yan gwangwan ne ke kwashewa, Kano ake kai su."

Na san kwalaben nan. Matata tana haɗa humra tana sayar wa amare, kuma ni da hannuna na sayo mata irinsu a kasuwa, har ina yaba murfin.

Na koma ofis na daki tebur. Shugaban ya ce a yi haƙuri, an rubuta wasiƙar gyara. Haƙuri! Ku ajiye annoba a gida, tukunya ta mutu, ba ku dakatar da aiki ba, ba ku gaya wa kowa ba, sai haƙuri? Na ƙi sa hannu, na rubuta abin da idona ya gani. A mota abokaina suka ce na cika zafi.

Da magariba na shiga gida, ko takalmi ban cire ba na sa leda a hannu na tattara kwalaben. Matata ta tsaya tana kallona. Da na gama yi mata bayani ta ce, "Malam, ai na wanke su tas." Maganar dattijon nan sak. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce sauran suna Goron Dutse, cikin kayan amaryar ranar Juma'a.

Tafiyar nan ta koya min cewa abin da aka ƙi dubawa a nesa, har ɗaka yake iske ka. Shekara da shekaru ina shiga gidajen mutane ina yi musu faɗa a kan kwata. Gobe da safe Goron Dutse zan nufa, in yi sallama a gidan biki, in roƙi amarya ta dawo min da turarenta.