Ranar da Aka Naɗe Mini Tabarma a Dorayi

Ni ɗan Challawa ne, ɗan manomi, kuma har na shekara ashirin ban taɓa cutar kowa ba. Da na samu aikin masinja a wata masaƙa a Bompai, sai na fara buɗe wasiƙun mutane ina karantawa, don nishaɗi kawai. A nan na gane cewa wanda ka san asirinsa tsoronka yake ji. Haka na zama ɗan damfara. Na yi Kwatano, na yi Abijan, na yi Jidda. Na iya Faransanci da Larabci da Yarabanci, duk don in cuci mutum da harshensa. Ƙwaya ta same ni a hanya. Ƙarshenta gidan yari, shekara bakwai.

Da na fito aka kai ni asibitin masu shaye-shaye, Allah ya ba ni lafiya. Bayan shekara biyu likitar da ta duba ni ta kira ni, ta ba ni aikin nemo musu mutane. Suna binciken waɗanda aka sallama ne, wa ya warke, wa ya koma, kuma kowa ya sa hannu tun yana kwance cewa a neme shi.

"Baba, kun san lungu-lungu," in ji ta. "Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya san dalilin neman. Ko uwar mutum."

Wallahi kamar in yi tsalle! Ni ɗin nan aka damƙa wa asirin mutane!

Na farko a takardata Habu ne, ma'aikacin kamfanin roba a Sharada. Ɗoki ya sa na zarce gidansu a Dorayi. A Abijan ka buga ƙofa ka nemi mutum, ba ruwan kowa. Na manta cewa a Kano dattijo ba ya neman saurayi bai gaya wa uban abin da ke tafe da shi ba. Mahaifinsa ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma.

"Malam, lafiya dai? Yaron nan tun da ya dawo koyon aiki daga Kaduna bai ba ni ciwon kai ba."

Ashe watannin da Habu ya yi a asibiti su ne Kadunar a wurin uban. Ƙarya goma ta zo mini baki, kowacce da kyanta, amma na riga na rantse na daina.

"Alhaji, ku gafarce ni. Bai yi laifi ba. Saƙo ne na amana."

"Amanar da ta fi ƙarfin uba?" Ya miƙe. "Ku ɗaga mini tabarmata."

Washegari na jira Habu nesa da get ɗin kamfaninsu, bayan la'asar. Da na gaya masa ko ni wane ne, sai ya ja ni gefe.

"Ku ne kuka je gidanmu? Me kuka ce wa Baba?"

"Ba komai. Har korata ya yi."

Ya dube ni, ya tuntsire da dariya, hawaye na zuba. "Wata goma sha huɗu ban taɓa kwalba ba! Ku ce wa Likita... a'a, da ƙafata zan zo!"

Na faɗa wa Likita kuskurena, ban ƙara zuwa gidan kowa ba.

'Ya'yana, kada ku buɗe abin da ba naku ba, ko takarda ce. Ni buɗe wasiƙun mutane ne ya kai ni kurkuku. Na tuba, kuma a duk yawona ba inda aka karrama ni na ji daɗi kamar korar nan ta Dorayi.