Wadda Ba Ta Ce Haka Ne Ba

Na yi shekaru masu yawa ina gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, har lokacin da aka ɗaga ni zuwa teburin tace labarai, aka ce in nemo wanda zai gaje ni. Gurbi ɗaya ne. Shirin kuwa ni na raine shi tun daga kiɗan buɗewa har sallama, kuma na san duk wanda aka ba shi, manoman fadamar Rima za su ɗauki maganarsa su kai gona. Tsorona shi ne in miƙa shi ga mai daɗin murya wanda zai karanta duk abin da aka ɗora masa a gaba. Na san irin wannan mutum sarai, don ni ma na taɓa zama shi.

A farkon aikina, bayan wata damina da ruwa ya yi yawa, na je Argungu na dawo da labari mai daɗi. An raba sabon irin shinkafa. Waɗanda suka shuka shi sun cika rumbu, waɗanda suka tsaya kan tsohon iri ba su sami abin kirki ba. Na rubuta shi da tsabtatacciyar Hausar da aka horar da mu a kai, na karanta ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Bayan mako biyu na koma garin, na tsaya sayen kifi a bakin gulbi. Wani tsoho da ke zaune yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi ya ji muryata, ya ɗago kai ya tambaya ko ni ne mai labarin sabon iri. Na ce ni ne, ina jiran yabo.

"Mota ta kawo irin nan," in ji shi. "Mota ba ta shiga cikin fadama. Masu gona bakin hanya, inda ƙasa ta ɗaga, su anka ba. Mu na ƙasa ruwa ya shanye mu, ko mi munka shuka. In kana son sanin iri, shuka su gona guda."

Ya mayar da kansa kan komarsa. Na tafi da kifina a leda.

Saboda haka da aka ce in shirya intabiyu, sai na ɗauko wancan tsohon labarin nawa, na cire sunan gari, na buga shi a shafi ɗaya. Sannan na je wurin manajanmu, dattijo ɗan Argungu da kowa ke kira Alhaji, na roƙe shi abu guda. Idan mai neman aiki ya gama karanta takardar, shi Alhaji da bakinsa zai ce sabon iri ya fi tsoho, ya tambaye shi ko ba haka ba.

A wajenmu ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane. Tarbiyya ce, kuma ban raina ta ba. Amma mai shirin manoma kullum a gaban manya yake zaune, da malaman gona da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyi, kowa da abin da yake so a faɗa. Ina son ganin wanda tunaninsa zai ci gaba da aiki bayan babba ya yanke magana, kuma ya sami hanyar faɗin abin da ya gani ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Alhaji ya yi dariya ya ce wato da furfurarsa zan sa shi yin ƙarya. Na ce ƙaryar tawa ce, aro kawai zai yi. Ya yarda. Rannan da gajiya a fuskarsa, don albasar da ya ajiye a gonarsa ta Argungu ta fara ruɓewa, an ce masa takin bana ne ba shi da kyau.

Ranar intabiyu mu uku muka zauna: Alhaji a tsakiya, ni a hagunsa, Hajiya mai kula da ma'aikata a damansa. Mutum tara aka tantance. Kowa ya shigo sai ya karanta mana ɗan labari don mu ji murya, sannan a miƙa masa takardar shinkafa. Na farko ya karanta, Alhaji ya yi tambayarsa, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Na biyu ma haka. Na uku ya ƙara da cewa da shi ne da iko, da ya hana sayar da tsohon iri a kasuwa. Na huɗu bai tsaya kan shinkafa ba, ya shiga yabon hangen nesan Alhaji. Hajiya ta sunkuyo ta bayan kujera ta raɗa mini cewa in aka ci gaba a haka, kafin azahar sai mun nemi sabon manaja, don wannan ya koma malamin gona.

Ba wasa kawai take yi ba. Da safe Alhaji yana faɗin maganar kamar mai karanta sanarwar da ba tasa ba. Zuwa mutum na shida yana faɗinta yana buga yatsa a tebur, har yana ƙara hujjojin da ban rubuta masa ba.

Na bakwai wani saurayi ne ɗan birni, da murya irin wadda ko jerin sunayen garuruwa ya karanta sai an tsaya an saurara. Numfashinsa daidai, tsayawarsa daidai. Ni kaina na ajiye biro na saurare shi. Da aka zo kan takardar ya ce haka ne, nan take kuma ya tsara kanun labari mai kyau a kai. Na ga Alhaji ya ba shi maki ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ta ƙarshe mace ce daga Gulma, mai kimanin shekara talatin, da difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha. Mahaifiyarta sana'ar turara shinkafa take yi. A kan babur ɗin kabu-kabu ta zo, gefen hijabinta da laka. Muryarta ƙarama ce, kuma tana cikin karatu Hausar gida na kuɓuce mata, ta ce munka inda aka rubuta muka. Alhaji ya ɓata fuska. Aka ba ta takardar, ta karanta sau biyu. Alhaji ya yi tambayarsa.

"Ranka shi daɗe, kun fi ni sanin gona," ta ce, idonta a ƙasa. "Amma in an yarda, ina da tambaya ga wanda ya rubuta wagga takarda."

Na ce ta yi. Ta tambaya ina gonakin waɗanda aka ba sabon irin suke, sama ko ƙasa, tunda takardar da kanta ta ce ruwa ya yi yawa a shekarar. Ta tambaya wa ya zaɓi waɗanda aka ba, kuma ko an haɗa musu da taki. Ta tambaya ko akwai mutum ɗaya da ya shuka iri biyun a gona ɗaya. Sannan ta ce sabon irin yana iya fin tsohon, ba ta musa ba, sai dai takardar ba ta nuna hakan ba.

Sai na ji Alhaji ya ce, da gaske ba da wasa ba, "Ke, mutum takwas sun zauna a kujerar nan sun gane, ke kaɗai ce ba ki gane ba?"

"Mai yiwuwa ne, Baba," ta ce. "Amma in na karanta shi a rediyo, mahaifiyata za ta ji. Gonarmu kuwa ƙasa take."

Da ta fita Alhaji ya ce yarinyar nan taurin kai ne da ita. Na tuna masa a hankali cewa tarko ne muka ɗana tare, ni da shi, a ofishinsa. Ya ce ya tuna, amma da ya sake duba lamarin ya ga ai sabon irin ya fi. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Bai ji daɗin dariyar ba, sai ya ƙara tsayawa kan saurayin. Rediyo murya ce, in ji shi, ba wanda zai kunna akwati don ya ji tambayoyi. Na ce murya ana gyara ta cikin wata uku, ni ma da munka na shigo gidan nan. Abin da ta yi a kujerar can kuwa ban san yadda ake koyar da shi ba, ni sai da wani masunci ya kunyata ni na koya. Muka kai la'asar ba mu daidaita ba. Na ga shirina yana shirin fita daga hannuna.

Hajiya ce ta raba mu. Ta ce tunda manoman Argungu sun dame mu da waya kan ruɓewar albasa, a kai su biyun can, a ba kowa rikoda, kowa ya kawo rahoton minti uku. Alhaji ya yarda, don ya tabbata nasa zai ci.

Bayan kwana biyu na ɗauke su a motar ofis. Damina ta fara, fadama ta yi kore. Manoma suna jiranmu a ƙarƙashin wata bishiya kusa da rudunsu, wato rumfunan kara da ake ɗagawa daga ƙasa a ajiye albasa har ta yi daraja. Tun daga nesa wari ya tare mu. Duk bakinsu ɗaya: taki ne. Saurayin ya ɗauki muryoyinsu, ya tsaya a gaban wani rudu ya yi bayani mai taɓa zuciya, cikin rabin awa ya gama ya dawo mota.

Ita kuwa ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaya ko akwai wanda albasarsa ba ta ruɓe ba. Aka dubi juna. Aka ce akwai mana, amma su ba su zo ba, tunda ba su da kuka. Ta ce a nuna mata su. Na bi ta a baya muna tsallake kwatami, daga wannan rudu zuwa wancan. Kowa ta samu, mai asara da marar asara, tambayoyi iri ɗaya take masa, ba ta sauya ko kalma: wane taki ya zuba, ina ya sami iri, yaushe ya cire albasar, yaushe ya ba ta ruwa na ƙarshe. Wani dattijo ya tsokane ta ya ce ko aurenta za a ba albasar ne take wannan bincike. Ta ce a'a Baba, so take ta san dangin ango. Ya yi dariya ya ba ta amsa har da abin da ba ta tambaya ba.

Taki ɗaya duk suka zuba. Bambancin da ya fito a wurin ruwa ne. Masu asara sun yi ta ban ruwa har dab da cira, don albasar ta cika ido. Sauran sun yanke ruwa tun da mako biyu ko uku, suka bar ganyen ya kwanta ya bushe kafin su cire. A rahotonta ta jera muryoyin ɓangarorin biyu, ta rufe da cewa ba ta tabbatar ruwa ne kaɗai ba sai an ji daga malamin gona, amma da wuya a ɗora wa taki laifi tunda kowa shi ya zuba.

Washegari da safe na kunna wa Alhaji rahotannin biyu. Na saurayin ya saurara yana gyaɗa kai. Nata ya saurara bai motsa ba, da ya ƙare ya ce a maimaita. Bayan na biyu ya ɗauki wayarsa ya kira mutumin da ke kula masa da gona, ya tambaye shi yaushe suka yanke wa albasa ruwa. Wayar tana da ƙara, duk muka ji amsar.

"Ai Alhaji har jajibirin cira muna ba ta, yadda kac ce a yi don ta yi girma."

Alhaji ya kashe wayar ya ajiye ta a kife. Hajiya ta kafa wa silin ido. Ni na duƙufa kan takarduna kamar akwai abin karantawa.

"A rubuta mata takardar kama aiki," ya ce wa Hajiya. Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka gyara mata wannan munka ɗin."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Na koya mata numfashi, da nisan baki daga makirufo, da yadda ake sauke murya a ƙarshen jimla. Munka kuwa na bar mata kayanta a hira da manoma, don na lura sun fi sakin jiki idan sun ji ta. Saurayin ma bai ɓace ba, da aka sami gurbin karanta sanarwa aka kira shi, kuma a can ya dace.

Ranar da ta fara gabatar da shirin ita kaɗai, ina zaune a bayan gilashin situdiyo da na'urar saurare a kunne. Baƙonta wani babban malamin gona ne mai furfura, ya zo da labarin wani maganin ƙwari da ya ce duk wanda ya fesa ya ga amfani. Ya gama bayani ya gyara zama. Ta bar shi ya sha ruwa, sannan na ji ƙaramar muryar nan ta ce, "Ranka shi daɗe, in an yarda, waɗanda ba su fesa ba fa, ina gonakinsu suke?"

Na cire na'urar daga kunnena na rataye ta a ƙusarta, na koma teburin labarai inda aiki ke jirana.