Ranar da Abokina Ya Shuka Wake a Gonar Teku

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, nakan taka daga gidanmu a unguwar Soundview zuwa inda kogin Bronx yake ƙarewa ya shiga ruwan gishiri. Na zauna a Abidjan, na yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, na sha sanyi a Marseille, kuma duk inda na je bakin ruwa ne gidana na biyu. Na nan yana da shiru irin nasa. Balbela takan tsaya cikin laka kamar ta manta abin da ya kawo ta, jiragen sama suna tashi daga tsallake, ita ko a jikinta.

A masallaci na haɗu da abokina, wani dattijo mutumin Nijar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noma a bakin tafkin Chadi. Bayan rasuwar matarsa, ɗansa mai tuƙa tasi ya ɗauko shi ya ajiye a wani bene mai tsawo a unguwar Parkchester, ya shiga nema masa takardun zama. Ina kallonsa yana ramewa a hankali.

"Alhaji," ya ce mini, "mutum ya kwana a sama, ya tashi a sama, kamar tantabara. Tun da na zo hannuna bai taɓa ƙasa ba."

Shi ya sa wata safiya na ja shi zuwa bakin ruwan. Mun tarar ruwa ya ja baya, ya bar fili na baƙar laka tana sheƙi, da wata ciyawa tsilli-tsilli a tsakanin turaku da igiyoyi. Ya tsuguna ya damƙi lakar ya murza.

"Wannan ƙasar ta wa ce?"

"Ta gwamnati."

"Aka bar ta ciyawa tana ci?"

Na yi dariya, na shiga ba shi labarin Marseille, kamar yadda nake yi wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da ni. Ban lura da yadda idonsa ke auna filin ba. A can wajensu, idan tafki ya janye, ya tafi ke nan sai bayan watanni. Manomi ya bi sawunsa ya shuka wake da masara a cikin danshi, ya girbe ba tare da ɗigon ruwan sama ba.

Bayan 'yan kwanaki, muna idar da La'asar ya kama hannuna yana murmushi, wai in zo in ga wani abu. A hanya ya gaya mini tun daga gida ya zo da ruwan fartanya a jakarsa, ya yi mata ƙota da sandar mofa ta goge daɓe, ya sayi wake a shagon kayan abincinmu. Tun da safe yake can, ya nome ciyawar wani yanki tas, ya shuka.

Muka isa. Ruwa ya cika fal har gindin duwatsu. Kawunan turaku kaɗai ake gani, ciyawar da ya tuge tana yawo a sama a hankali.

Ya bi ruwan da kallo. Can ya ce, "Ina gonar?"

Na ce masa wannan ruwan teku ne ke turo shi, yakan tafi ya dawo sau biyu a kowace rana, kuma da gishirinsa yake zuwa. Ya ɗibi kaɗan ya ɗanɗana ya tofar.

"Wane irin ruwa ne wannan da ba ya sallama kafin ya dawo?"

Sai a lokacin na tsaya na karanta allon da nake wucewa kullum. An rubuta da Turanci da Sifaniyanci cewa ciyawar nan dasa ta aka yi, da tallafin da gwamnati ta bayar don raya bakin ruwa, kada a taɓa. Igiyoyin kuma don hana agwagin ruwa cinye ta ne.

Da ɗansa ya ji, hankalinsa ya tashi. "Baba, takardunka suna hannun hukuma. In aka kai ka kotu, shi ke nan. Ko dai ka zauna a gida kada ka sake leƙa wajen, ko in saya maka tikiti ka koma kafin a gane."

Dattijon ya ce, "Ni ban taɓa yin ɓarna a gonar mutum na ɓuya ba. Alhaji, kai mai harsuna, za ka raka ni."

Ranar Asabar muka je, shi da ƙullin goro a aljihu, ni da Turancina a baki. Muka sami matar da ke kula da aikin, sanye da dogon takalmin roba, tana tsaye daidai kan filin da ya zama fayau. Na yi mata bayani tun daga tafkin Chadi har zuwa sandar mofa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce masu ba da tallafin za su zo dubawa a ƙarshen kaka, in suka tarar da wurin a haka, da wuya a ƙara ba su abin da za su gyara sauran gaɓar.

Na fassara masa. Ya dube ni.

"Alhaji, sake tambayar ta, ko Turancinka ne ya tsufa. Gwamnati ce ta fitar da kuɗi a shuka ciyawa?"

Na tambaya. Ta ce saiwar ciyawar ce ke riƙe laka kada ruwa ya kwashe gaɓa, in guguwa ta turo teku ita ke rage masa ƙarfi kafin ya kai ga gidaje, kuma a cikinta ƙananan kifaye suke girma. Ya juya ya kalli benayen da ke bayanmu. Sa'an nan ya ciro goro ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce in gaya mata hannun da ya tuge shi zai mayar, in ta yarda.

Ta juya goron, ta gatsa, fuskarta ta yamutse. Sai a nan ta yi dariya. Ta nuna wasu farantai cike da ragowar dashe, ta miƙo masa safar hannu. Ya ce a bar safar.

Muka yi makonni muna zuwa duk sa'ar da ruwa ya ja. Ita ta nuna masa zurfin rami da tazara, shi ya sunkuya yana dasawa yana gunaguni. "Shekara da shekaru ina yaƙi da ciyawa, yau ga ni ina yi mata shimfiɗa. Kada ka faɗa a gida." Ni aikina gadin ruwa, in na ga ya fara rarrafowa in yi magana. Ranar da na ce bari in taya shi, laka ta riƙe takalmina, Larabci da Faransanci duk suka kasa fitar da ni, sai da ya jawo ni da ƙotar fartanya. Ciyawar ta kama. Ba wanda ya kai maganar ko'ina, kuma kumatun abokina suka dawo.

Ya yi 'yan shekaru a nan, daga baya ya koma gida don kansa, wajen 'yarsa. Na yi yawo da yawa, ina ɗauka na san ruwa, amma sai da na ga mutum ya yi masa kallon gona na gane cewa ni kallon baƙo nake yi masa a ko'ina. Yanzu ciyawar ta kai ƙugun mutum. Da kaka takan koma ruwan zinariya, iska ta bi ta kanta kamar gonar gero da ba mai girbewa, in zauna a kan dutse har in rasa a wace ƙasa nake.

Wani lokaci nakan kira shi daga wurin. Ba ma doguwar gaisuwa. In ɗaga wayar sama ya saurari iskar, can sai in ji muryarsa daga nesa.

"Alhaji, ruwa ya ja ko ya kawo?"

In ce ya kawo.

"To, bar shi ya sha. Gonar tasa ce, ni dashe kawai na yi masa."