Ranar da Loretta Ta Hau Fuffuken da Ta Ɗinka

Loretta Vandermark ta shekara talatin da ɗaya tana yi wa jirage marasa inji sutura, amma ba ta taɓa yarda ta shiga ko ɗaya ba. Tela ce tun asali, labule da rigunan kujeru take ɗinkawa a wani ɗan shago a arewacin jihar New York. Mijinta Orrin, kafinta, shi ya ja ta zuwa kan tudun da masu son tsofaffin jirage suke taruwa. Wata shekara ya je wata gona ya kwaso gawar wani jirgin katako mai zaman mutum biyu, wanda aka ƙera tun zamanin yaƙin duniya na biyu, kaji sun daɗe suna ƙwai a cikinsa. Shi ya gyara katakon. Ita ta lulluɓe fukafukan da yadi, ta bi haƙarƙarin katakon ɗaya bayan ɗaya da doguwar allura tana ƙulla zare, sannan ta shafe shi da wani fenti mai hawa kai har yadin ya ɗame kamar fatar ganga. Suka yi masa launin rawaya.

Daga nan aka san hannunta. Mutane suka riƙa ɗauko fukafukai a tirela daga Ohio, daga Ontario, suna ajiyewa a ƙofarta. Abin da ba su sani ba, duk ranar da jirgin da ta ɗinka ya tashi, ba ta samun sukuni har sai ya sauka. Kwance take tana tuna wane ƙulli ta yi tana mura, wane ta bari ta je ɗaga waya.

A shekarar da ta cika sittin da biyu aka yi babban taro a tudun. An zo daga Jamus da Japan da Brazil, wasu sun turo jiragensu ta teku. A lokacin idon Orrin ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, jirgin rawaya yana zaune a rumfa. Sai ga wata dattijuwa daga Poland, Bozena Kruk, wadda ta yi shekara arba'in tana koya wa mutane tashi. Ta zagaya jirgin sau biyu, ta ƙwanƙwasa yadin da ɗan yatsa, ta nemi aro. Orrin ya amince nan take.

"Wa ya yi ɗinkin nan?" in ji Bozena.

"Ga ta nan bayanki, tana ɓuya," Orrin ya ce. "Matata ko kan tsani ta hau sai ta rufe ido."

"Kai da ba ka ganin tsanin ma," Loretta ta mayar masa.

Bozena ta dube ta. "'Yar'uwa, ni tawa dokar ke nan, ba na ɗaukar jirgin aro sai da mai ɗinkin a ciki. In kin amince da aikinki, shiga. In ba ki amince ba, gaya mini yanzu."

Mutane suna tsaye suna ji. Loretta ta rasa bakin cewa a'a. Aka goya mata lemar dirowa daga jirgi, aka ɗaure ta a kujerar baya, daidai inda fukafukan suka kama jikin jirgin. Bozena ta zauna gaba.

Ƙaramin jirgi mai inji ya ja su da igiya. Ciyawa ta ruga a ƙarƙashinsu, tudun ya ƙare, kwari ya buɗe. Loretta ta kafa ido a ƙeyar Bozena, ta ƙi duba ko'ina. Da suka yi nisa sama, wani abu ya ba da ƙara a ƙasan kujera, ta zabura.

"Igiya na saki," in ji Bozena. "Yi numfashi."

Ƙarar inji ta tafi, sai kukan iska kawai. Suka fi minti ashirin suna kewayawa cikin iska mai ɗumi tare da wani shaho. Har ta fara sassauta yatsunta daga bakin kujera, sai ta ji wani sauti daga hagu, fat-fat-fat, irin na rigar shanya ranar iska. Ta juya. A saman fuffuken, kamar tsawon hannu biyu daga fuskarta, yadi ya kumbura, ya tsage, leɓensa yana kaɗawa.

Ta ce, "Bozena, yadi ya yage."

"Na ji. Daga nan ba na hango shi, ke za ki zama idona. Tsawonsa nawa?"

"Taƙi ɗaya."

"Yana ƙaruwa?"

Yana ƙaruwa. Tana kallo zaren yadin yana warwarewa, rana tana shiga cikin fuffuken tana haska katako. Ta ga ɗaya daga haƙarƙarin ya karkace, yana rawa shi kaɗai.

"Taƙi biyu. Katakon ciki ma yana motsi."

Bozena ta ce, "Zan rage gudu. Tudu ya yi mana nisa, kuma ba na son juyi mai ƙarfi. Akwai gonar ciyawa da aka yanke a ƙasa, can za mu. Hannunki ya san inda mariƙin lema yake?"

"Ba zan iya tsalle ba."

"Ban ce ki yi ba. Ci gaba da gaya mini."

Loretta ta ci gaba da aunawa da ido. Biyu da rabi. Tsagar tana rarrafe zuwa haƙarƙari na gaba, inda layin ƙullinta yake. Ta san in ta wuce nan iska za ta shiga ta kware fuffuken gaba ɗaya. Tsagar ta isa layin, yadin ya ja, ƙulli na farko ya miƙe har tana ganin zaren. Ya riƙe.

"Ta tsaya," ta ce. "Kada ki girgiza shi, don Allah."

Bishiyoyi suka taso musu, wayar lantarki ta wuce ta ƙarƙashi, sannan ƙasa ta bugi gindin jirgin. Ya gurzu a kan ciyawa, ya tsaya, ya kwantar da fuffuke ɗaya. Bozena ta fito ta kwance mata ɗamara, amma Loretta ta kasa tashi. Da aka ciro ta, ta durƙusa ta yi amai.

Orrin ya iso da tirela tare da wasu Jamusawa biyu. Ya sa hannu cikin tsagar, ya zaro haƙarƙarin kamar an ajiye masa shi. Tsohon gam na shekara saba'in ne ya saki, katakon ya huda yadin daga ciki. Yana cikin waɗanda ya duba tun farko ya ga suna da kyau, ya bar su. Ya tsaya riƙe da shi.

"Ni na sa ki a ciki," ya ce.

"Ni na rufe shi ban taɓa shi ba," in ji Loretta. "Ɗauko igiyar ɗauri, rana na yi."

Da sanyi ya shigo ta kware fukafukan biyu tas. Suka sami wasu haƙarƙari huɗu da gam ɗinsu ya zama gari. Orrin ya shekara biyu yana sake su, yana lalube da yatsa inda ido ya gaza.

Loretta ba ta ƙara hawa jirgi ba, ko da Bozena ta rubuto tana gayyatarta taron ƙasarsu. Ɗinki dai tana yi har yanzu, sai dai ba ta ɗora yadi a kan fuffuken kowa sai ta bi kowane haɗin katako da babban yatsa ta danna. Bara wani mutum daga Ohio ya yi tuƙin awa bakwai ya kawo nasa, ta danna na uku ya motsa, ta ce ya mayar. Ya yi ta faɗa a ƙofar shago, yana cewa shekara ashirin yana tashi da shi lafiya. Ta bar shi ya gama, sannan ta taya shi ɗora fuffuken a tirela.